Kafin a Sa Wuƙa: Hoton MRI da Sankarar Bakin Mahaifa

Da zarar an tabbatar wa mace cewa tana da sankarar bakin mahaifa, dangi kan matsa a cire mahaifar kowa ya huta. Sai likita ya ce a je a yi hoton MRI tukuna. Wasu su ɗauka jan ƙafa ne, wasu su ce neman kuɗi ne, alhali wannan hoton ne zai nuna ko tiyatar za ta yi amfani ko kuwa wahala kawai za ta ƙara wa baiwar Allah.

Wannan ciwo yana tafiya, kuma hanyar da ya fi bi ita ce ta kaluluwa, ƙananan ƙulle-ƙullen nan masu tace ruwan jiki, irin wanda ke kumbura a gindin cinya idan mutum ya ji rauni a ƙafa. Waɗanda sankarar bakin mahaifa ke fara kamawa suna can cikin ƙugu, daga nan ta haura zuwa na gefen babbar jijiyar jini, kusa da ƙashin baya. Hannun likita ba ya kai wa can. Shi ya sa a 2018 ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta sauya tsarin auna matakin ciwon ta shigar da sakamakon hoto a ciki: matuƙar ya taɓa kaluluwa, ko da ƙarin da ke bakin mahaifar ƙarami ne, an shiga mataki na 3C.

Matakin kuwa shi ke zaɓar magani. Idan ciwon bai fita ba, tiyata kan wadatar. Idan ya kai kaluluwa, abin da aka fi yi shi ne gashi da haske (radiotherapy) haɗe da allurar cisplatin. Matar da aka yi gaggawar yanka ta, daga baya aka gano ciwon ya riga ya wuce, dole ta sha gashin a kan ɗinkin tiyata, ga matsalar mafitsara da hanji da kumburin ƙafa sun fi yawa ga wadda aka haɗa wa biyun.

Na'urar MRI da maganaɗisu mai ƙarfi take aiki, babu irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Za a kwantar da ke a cikinta kamar minti 30 zuwa awa guda. Babu zafi, sai dai ƙara mai yawa, kuma ana so ki daina motsi. Ki tuɓe ɗan kunne da warwaro da duk wani ƙarfe. Ki gaya musu in kina da juna biyu, ko ciwon ƙoda, ko wani ƙarfe ko na'urar bugun zuciya da aka dasa miki.

Sai dai kada a ɗauki hoton kamar wahayi. Mai karanta shi yana duba girma da siffa ne, yakan zargi kaluluwar da kaurinta ya haura santimita 1. Ƙarama na iya ɗauke da ciwon ta kuɓuce masa, babba kuma na iya zama aikin tarin fuka ko ƙanjamau. A irin wannan ruɗani likita kan nemi hoton PET-CT, ko ya tsakuro tsokar a auna, kuma neman ƙarin gwaji a nan ba gazawarsa ba ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon ya kashe mata kimanin 350,000 a 2022, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, inda ake zuwa asibiti a makare. A watan Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar HPV mai haddasa shi, kyauta. Ita kuwa babbar mace da ke ganin jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, ta je a duba bakin mahaifarta a makon nan.