Rumfar ƙungiya: yadda za mu yi wadda ake kafawa a kuma naɗe

Ni jagorar ƙungiyoyin asusu ce a ƙauyukan Kankia da Kusada, kuma kusan duk inda na je sai an tambaye ni maganar inuwa. Tsarin asusun nan namu ya samo asali ne daga Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maradi a 1991, kuma bai buƙatar ofis: tabarma, akwati mai kwaɗo uku, da wurin zama. Amma a bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai digiri 40. Mace mai goyo ba ta iya awa biyu a rana ana ƙirga kuɗi. Sai a fara fashin zama, tara ta yi yawa, rai ya ɓaci.

Mu ma mun taɓa yin kuskure. Wata shekara muka haɗa kuɗi muka sayi tamfol mai araha, muka huda gefensa da wuƙa muka ɗaure a jikin itace. Hadarin farko na damina ya yage shi gida biyu. Ranar na gane cewa araha ba ta ado, kuma iska ce babbar abokiyar gabar rumfa. Rana takan ci ta ne a hankali, iska kuwa dare ɗaya ta gama da ita.

A fara da tambaya: rumfar me za mu yi?

Idan ta zaman mako-mako ce kawai, ta itace da zana ta isa. Idan kuna so ku riƙa ba da ita haya a biki da suna da walima, to sai ta ƙarfe, wadda ake ce wa kanofi, domin ita ce ke jure kafawa da cirewa. Ku yanke wannan a gaban kowa kafin a fitar da ko sisi.

Ga mata 25 zaune a tabarma, da wurin akwati a tsakiya, rumfa mai tsawon ƙafa 20 da faɗin ƙafa 13 ta wadatar, wato kamar mita 6 da mita 4.

Ƙafafu da sanduna

Ana buƙatar dirka shida, uku a gaba, uku a baya. Na gaba su kai ƙafa 8, na baya ƙafa 7, ban da abin da zai shiga ƙasa. Wannan bambancin na ƙafa ɗaya shi ke sa ruwa ya gangare. Rufin da ya kwanta daidai yakan tara ruwa ya yi tumbi, nauyin ya karya sanda.

Itacen bedi, wanda wasu ke kira darbejiya, yana da kyau don gara ba ta cika son sa ba. Turare ma yana da miƙewa. Gora ta fi sauƙin ɗauka, shi ya sa ta dace da sandunan sama. Kada a sari itace sai da izinin mai shi, kuma a bari ya bushe, don ɗanye yakan lanƙwashe. A babbake gindin kowace dirka kaɗan a wuta, ko a shafa masa baƙin mai, saboda gara.

Idan ta ƙarfe ce, ku gaya wa mai walda ba ku son ya haɗe ta gaba ɗaya. Ya yi ta gunduwa-gunduwa, wannan bututu ya shiga cikin wancan, a ɗaure da noti. Kowane yanki kada ya fi ƙarfin mata biyu, kuma ya zama zai hau amalanke ko Keke Napep. Ku ɗaga bututun ku ji nauyinsa kafin ku biya. Mai shara-shara ba ya kai ko'ina. A yi masa fenti saboda tsatsa, a kuma sa wa kowace mahaɗa alama da launi, don ko yara su iya haɗawa.

Rufi

Abu uku ne a hannunmu.

Zanar gamba ta fi kowanne sanyi, domin iska na ratsa ta, kuma a garuruwanmu ake saƙa ta. Matsalarta ba ta tare ruwan sama sosai, tana kama wuta da sauri, kuma gara na son ta.

Buhunan taki ko na hatsi, idan aka farke su aka wanke tas aka ɗinke, kamar guda 25 za su rufe rumfar da na faɗa. Wannan aikin mu da kanmu za mu yi da basilla. Sai dai rana na cinye buhu, bayan wasu watanni ya fara zama gari, don haka a naɗe shi da an tashi.

Tamfol shi ke tare ruwa. Ku zaɓi mai kauri, mai ƙawanyar ƙarfe a gefe, ku ɗaga shi ga rana: idan haske na ratsawa sosai, ku ajiye shi. Fari ko mai ruwan azurfa ya fi baƙi da shuɗi sanyi, domin yana mayar da hasken rana, duhun launi kuwa shanye zafi yake yi. Dabarar da ta fi yi mana amfani ita ce a shimfiɗa zana a ƙasa, tamfol a sama. Zana ta tare zafi, tamfol ya tare ruwa.

Ɗauri

Nan ne fa aikin yake. Kada a huda tamfol. Inda babu ƙawanya, a sa ɗan dutse mai santsi a cikin gefen, a dunƙule shi, a ɗaure igiya a wuyansa. Kowace dirka ta kusurwa a ja mata igiya zuwa turke, a kafa turken a karkace, kansa na kallon waje. Idan aka haɗa igiyar da tsinken robar tsohon tub na babur, sai ta riƙa ba da kai idan iska ta buga, ba ta tsinke ba.

Kun san hadarinmu daga gabas yake tasowa. To ɓangaren da ya fi gajarta shi zai kalli gabas, bakin rumfa ya kalli yamma. In kuwa kuka ga gabas ta haɗe, kada ku tsaya gardama da iska. A kwance rufin, a kwashe yara, a shiga da akwati ɗaki.

Rumfa ma dukiyar ƙungiya ce

Kada a taɓa asusun taimako don sayen ta. Wannan na ciwo ne da haihuwa da rasuwa. Ya fi kyau ranar rabo kowace mace ta ajiye abin da aka amince a kai. Mata biyu su je su ji farashi a wuri uku, ko a nan Kankia ko a Charanchi, su dawo su faɗa a gaban taro.

Sannan a rubuta a littafi: wa ke ajiye ta, nawa ne hayar yini, nawa 'yar ƙungiya za ta biya idan bikin gidanta ne, wa zai gyara in ta lalace a hannun mai haya. A ƙirga sanduna da noti lokacin fita da lokacin dawowa. Daga kowace haya a ware wani abu na sabon rufi, don ko wane iri kuka saya, wata rana zai mutu. Kada a naɗe tamfol da danshi, kuma a ɗora kayan a kan duwatsu, ba a ƙasa ba.

A zamanku na gaba, ku auna wurin da kuke taruwa da igiya, ku duba ina gabas take, sannan ku amsa tambayar farko: ta zama ce, ko ta haya? Allah ya sa albarka a asusunmu.