Mukawwi uku a gida ɗaya, intanet kuma shiru

Daren Alhamis ɗin da ta wuce wani ɗan uwa da ke zaune a unguwar Malaz a Riyad, can bayan titin Sittin, ya kira ni yana huci. Wai in zo in duba masa intanet ɗin gidansa, don kamfani ya cuce shi, mai shago ya cuce shi, yanzu kuma uwargida ta hana shi sakat saboda kullum in tana kiran bidiyo da mahaifiyarta a Katsina sai hoton ya daskare, baki a buɗe. Bayan Isha'i na tafi. Muna gaisawa ya ja ni zuwa ɗakin can ƙurya inda yara ke kwana, ya nuna min bango. Wasu fararen na'urori guda biyu ne a jere a soket, kowacce da ƙahonninta biyu a miƙe, jar fitila tana ƙiftawa. Ta ukun tana ɗakin uwargida, a bayan wadrof.

"Malam, ka gani da idonka," in ji shi. "Uku na saya. Na farko bai yi ba, na ce ƙila ƙarami ne, na koma kasuwar Batha na ƙaro babba. Shi ma shiru."

Na ce, "Yaya, ina uwar take?"

Bai gane ba sai da na ce ina nufin rautar da kamfani ya sa masa. Muka dawo majalisi, wato falon baƙi da ke bakin ƙofar gida. Ya durƙusa ya buɗe wata durowar katako a ƙarƙashin talabijin. Ga ta nan a ciki, an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, kusa da kaskon turaren wuta da tarin tsofaffin cajoji. Ƙofar durowar ma a rufe take kullum, don ƙaramin yaron gidan yana son danna maɓalli. Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da ya kashe kuɗi sau uku bai taɓa tunanin ya buɗe ƙofar durowa ba.

Wannan na'ura da Larabawa ke kira mukawwi, mu kuma muka ara, wasu kuma su ce busta, sunanta ne ke yaudarar mutane. Ana jin "mai ƙara ƙarfi" sai a ɗauka ita ce ke haifar da intanet, duk inda aka soka ta sai sabis ya ɓuɓɓugo. Aikinta ɗaya ne da na mai isar da kabbara a filin Idi. Liman ya ce Allahu Akbar, shi ya ji, ya ɗaga murya ya maimaita don sahun baya su ji. To a ɗauki wannan bawan Allah a kai shi can ƙarshen fili inda shi kansa ba ya jin liman, me zai isar? Sai dai ya yi ta lalube, ya kawo ruɗani a salla. Abin da ɗan uwan nan ya yi ke nan. Ɗakin da sabis ba ya kaiwa, nan ya je ya soka mukawwin, har guda biyu, suna sauraren junansu. Jar fitilar da ke ƙiftawa tun ranar farko tana gaya masa ne cewa ba ta jin uwar, amma takardar da ke bayanin haka ta tafi shara tare da kwalin.

Abin da ya ƙara rikita shi, wayarsa tana nuna sandunan waifai a cike. Gaskiya ne, a cike suke, domin wayar tana jin mukawwin da ke kusa da ita sarai. Sai dai sandunan ba sa faɗin abin da ke tsakanin mukawwin da rauta. Famfo ne mai kyau, sabo fil, an haɗa shi da bututun da babu ruwa.

Akwai kuma wani abu da mai shago ba zai gaya maka ba sai ka tambaya, wani ma ko ka tambaya bai sani ba. Mukawwi mai araha, wanda ke aiki a zango ɗaya na 2.4 kawai, ba ya iya ji da faɗa a lokaci guda. Sai ya saurara, sannan ya maimaita, a kan hanya ɗaya. Saboda haka ko an ajiye shi a wurin da ya dace, kusan rabin gudun intanet ɗin ne ke isa ga wanda ke bayansa. In ka jera wani a bayan wancan, rabin rabi ke nan. Wanda ya sayi uku yana zaton ya ninka ƙarfi sau uku, alhali yanka shi ya yi gunduwa-gunduwa.

Gidajen Malaz ma suna da nasu hali. Unguwar an gina ta ne tun shekarun 1950 domin ma'aikatan gwamnati, lokacin da aka dawo da ma'aikatu Riyad, kuma nan Jami'ar Sarki Sa'ud ta fara zama a 1957. Tsofaffin gidajen nan da benayen da suka biyo baya kankare ne da rodi, bango mai kauri, wasu an rufe da tayil ko dutse. An yi su ne don zafin Riyad, lokacin da babu mai mafarkin waifai. Yau da yawansu an yayyanka su gida-gida ana ba da haya, wani a ƙasa, wani a sama, wani a mulhak ɗin da aka ɗora kan rufi. Kankare mai rodi yana cinye sabis, ƙarfe yana mayar da shi baya, babban madubi da firji da tankin ruwa duk suna tare shi. Tsakanin durowar ɗan uwan nan da ɗakin yara na ƙirga bango uku da kicin. A kicin ɗin akwai na'urar ɗumama abinci, wadda ita ma a zangon 2.4 take aiki, tana kunnuwa sabis ya rikice.

Da na buɗe jerin waifai a wayata a falon nasa, sai da na yi ta jan allo kafin in kai ƙarshen sunayen maƙwabta. Zangon 2.4 hanyoyi uku kacal yake da su waɗanda ba sa hawa kan juna, ta 1 da ta 6 da ta 11, kuma duk benen a kansu ake turmutsutsu kamar titin Sittin bayan Magariba. Kowane mukawwi da aka ƙara wata mota ce a cikin cunkoson. Ba kansa kaɗai ɗan uwan nan ya takura ba, har maƙwabtansa.

Abin da muka yi bai ci ko riyal ɗaya ba. Muka zare mukawwin duka ukun. Muka fito da rautar daga durowa, muka kakkaɓe ta, tana da zafi kamar an sauke ta daga murhu. Wayarta ta ba mu damar kai ta bakin ƙofar falo ta ciki, muka ɗora ta kan wani kanta mai tsayin kafaɗa, babu abin da ya rufe ta. Da wannan kaɗai ɗakin uwargida ya samu sabis. Saura ɗakin yara. Na ba shi wayarsa na ce ya taka a hankali daga falo zuwa ciki yana kallon sandunan, inda suka fara raguwa amma ba su faɗi ba ya tsaya. Ya tsaya a tsakiyar lungu, dab da ƙofar banɗaki. Akwai soket a wurin. Muka soka mukawwi ɗaya, wanda ya fi dama a cikinsu, muka haɗa shi da rautar, fitilar ta koma shuɗiya ta tsaya cak. Ya shiga ɗakin yara ya kunna bidiyo, ya fito yana sosa ƙeya.

"Wallahi Malam, da na sani."

Na ce, "Yaya, da ka tambaya."

Wannan ita ce cutar da ke damun mu a nan, kuma ban cire masu digiri ba. Muna jin kunyar tambaya amma ba ma jin kunyar asara. Mutum zai yi wata guda yana tuƙi ko gadi ko ɗinki, ya ƙirga riyal ɗin da zai aika gida har da na ɗorawa, sannan ya shiga shago ya ce "a ba ni mukawwi mai ƙarfi", a miƙo masa duk wanda ya fi daɗewa a kanta. Bai faɗi girman gidansa ba, bai san ko intanet ɗinsa na waya ne ko na layin sim ba, bai ma san sunan rautarsa ba. Mai shago kuwa kasuwa ya fito.

Kafin ka taka zuwa shago, tsaya kusa da rautarka, ka auna gudun intanet ɗin da manhajar awo irin Speedtest, da safe da kuma dare. In a nan kusa da ita ma jan ƙafa yake, to matsalar tana wajen layin ne ko tsarin da ka biya, kuma babu mukawwin da zai gyara. Kamfaninka za ka kira, ko stc ne ko Mobily ko Zain ko Salam, a ba ka lambar ƙorafi, in ba a warware ba akwai hukumar sadarwa ta ƙasar da ake ɗaukaka ƙara gare ta. In kuwa rautarka irin mai cin sim ce, ta 4G ko 5G, ita kanta tana buƙatar jin turken kamfani daga waje, don haka kusa da taga take so, kuma sauya mata taga kawai yana iya canza komai. Na san masu irin wannan rautar da suka saya mata mukawwi alhali ita ce ba ta jin waje.

Sai in kusa da rauta lafiya lau, nesa ne ake wahala, kuma ka riga ka fito da ita fili, ka ɗaga ta sama, ka matso da ita tsakiyar gida iyakar yadda wayarta ta bari, sannan maganar saye ta taso. Ina nanata wannan na fito da ita fili domin na gaji da ganin rauta a bayan labule, a ƙarƙashin gado, a cikin akwatin lantarki na ƙarfe da ke jikin bango, kai har a saman firji an ɗora mata kwanon dabino. Matan gida, na san ba ta da kyan gani kuma tana tara ƙura. A goge ta da tsumma, a bar ta ta sha iska.

In za ka saya, nemi mai zango biyu, 2.4 da 5, za ka ga an rubuta a kwalin. Zangon 5 ya fi gudu kuma ba shi da cunkoso sosai, sai dai bai kai na 2.4 ratsa bango ba. Kada manyan lambobin kwali su ruɗe ka, 300 ko 1200, lissafin ɗakin gwaji ne da babu bango babu maƙwabci, kuma ba za su ba ka fiye da abin da ka biya wa kamfani ba. Haka nan kada a tsorata ka da sabon yayi. Saudiyya ta buɗe zangon 6 ga waifai tun 2021, na'urorinsa suna kasuwa da tsada, amma shi ya fi duka gajeren zango, kuma in wayarka tsohuwa ce ba ta ma san da shi ba. Duba bakin fulogin ya zama mai ƙafa uku irin na soket ɗin ƙasar nan, don wanda aka ɗora kan adafta yana lilo ba ya daɗewa. Ka karɓi fatura, wato rasit, ka adana, ka tambayi garanti da sharaɗin mayarwa kafin ka biya. Ɗan uwan nan ko ɗaya cikin ukun ba shi da takarda.

Wanda gidansa bene ne hawa biyu, ko yake zaune a mulhak rauta tana ƙasa, gara ya haƙura da mukawwi gaba ɗaya. Rufin kankare ba bangon ɗaki ba ne. Ya ja wayar intanet daga rauta zuwa sama, irin wayar nan tana kai mita 100 ba tare da ta gaza ba, ya sa wata rauta a ƙarshenta. Yawancin mukawwin ma suna da ramin waya a gindinsu, in aka haɗa su ta nan sai su daina raba gudun biyu. A nemi izinin mai gida ko harisin bene, wato mai gadinsa, kafin a huda bango. Mai hali kuma ya sayi irin na'urorin nan da ke zuwa biyu ko uku a kwali ɗaya suna aiki da suna ɗaya, waɗanda ake kira mesh, sun fi tsada amma an yi su ne don su yi aiki tare.

Ina shirin tafiya na duba saitin mukawwin da muka bari a soke, wanda a da yake ɗakin uwargida, sai na tarar a buɗe yake, babu kalmar sirri ko kaɗan, kuma na shiga cikin saitinsa da kalmar da ya zo da ita daga masana'anta. Wata nawa ke nan duk wanda ya tsaya a bakin tagar yana sha kyauta, Allah kaɗai ya sani. Wannan ba maganar rowa ba ce. Layin da sunanka da lambar iƙamarka, wato takardar zamanka, aka yi masa rajista, ƙasar nan kuma tana da dokar laifukan intanet tun 2007, in wani ya yi ɓarna ta layinka ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa, kuma kai baƙo ne. Muka sa wa waifai ɗin kalmar sirri doguwa, ba lambar wayarsa ba, muka canza ta shiga saiti ita ma, ya rubuta su a takarda ya ba uwargida ta ajiye.

Sauran mukawwin biyun ya zuba su a leda, ya ce zai aika wa ƙaninsa a Katsina da mai tafiya gida. Na tambaye shi ko ƙanin yana da rauta a gidansa. Ya yi shiru, sannan ya ce data yake saye a waya.