Yadda iyaye a Amurka ke zaɓar unguwa a daren Halloween

A ranar 31 ga watan Oktoban kowace shekara, yara a Amurka kan yi shigar dodanni su bi gida gida suna karɓar alewa, a bikin da ake kira Halloween.

Al'adar, wadda baƙi daga Ireland da Scotland suka kai ƙasar, ta bunƙasa ne bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da sababbin unguwanni suka yawaita a bayan gari.

Sai dai ba kowace unguwa ce ta dace da wannan yawo ba. Iyaye kan nemi inda gidaje ke kusa da juna, akwai fitilun titi da hanyar masu tafiya a ƙasa, kuma motoci ba sa gudu. Gidan da ya kunna fitilar ƙofarsa, alama ce yana maraba da yara.

Babban abin tsoro dai shi ne mota. Wani bincike da mujallar JAMA Pediatrics ta wallafa, wanda ya duba alƙaluman shekarar 1975 zuwa 2016, ya gano cewa mutuwar masu tafiya a ƙasa kan ƙaru da kashi 43 cikin ɗari a daren, yayin da haɗarin ke ninkawa sau goma ga yara 'yan shekara 4 zuwa 8.

Saboda haka ne wasu makarantu da majami'u ke tara yara a filin ajiye motoci, a raba musu alewar a wuri guda.