Idan 'Yarki Ta Ce Kimiyyar Kwamfuta Za Ta Karanta



Yau maganarmu kan karatun yara ce, musamman 'yan matan da suka gama aji uku na ƙaramar sakandare za su shiga babba. A wannan gaɓa ake raba ɗalibai, wasu ajin kimiyya, wasu na adabi, wasu na kasuwanci. To, idan 'yarki ta ce ita kwamfuta take so ta zurfafa a ciki, me ya kamata ki sani?

Da farko mu bambance abu biyu. Akwai iya amfani da kwamfuta, wato buga takarda da aika saƙo, wannan a 'yan watanni ake koyonsa. Akwai kuma kimiyyar kwamfuta, wato sanin yadda na'urar ke aiki da yadda ake ba ta umarni. Na farko kamar mai saka riga ne, na biyu kuwa kamar mai yanka yadi ta ɗinka ta.

Ita kwamfuta, 'yar uwa, ba ta da wayon kanta. Abu biyu kawai ta sani, wuta a kunne ko a kashe, ana rubuta su da 1 da 0. Lamba 5 a wurinta 101 ce. Hoton jikanki da muryar da ake turo miki a waya, duk jerin 1 da 0 ne. Saboda haka sai mutum ya tsara mata aiki daki-daki. Ɗauki misalin adashi: mata goma suna zubi duk Juma'a. A tara kuɗin, a duba wadda ke kan layi, idan ta cika zubinta a ba ta, idan ba ta cika ba a tsallake ta, a maimaita har kowa ta ɗauka. Duk uwar adashin da ta iya wannan ta riga ta san tushen abin. Irin wannan tsari masana ke kira algoridim, sunan kuma ya samo asali daga Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, masanin lissafi da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Abin da ɗaliba ke koya shi ne rubuta tsarin da yaren da na'ura ke ganewa, irin su BASIC da Python.

Kada kuma wani ya ce miki karatun maza ne. Wata mata 'yar Ingila, Ada Lovelace, ita ake yawan ambata a matsayin wadda ta fara wallafa irin wannan umarni na na'ura, tun a 1843.

A nan Nijeriya abin ya wuce na ganin dama. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. A 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta sake fasalin manhaja, ta sanya darasin fasahar kwamfuta cikin waɗanda kowane ɗalibin babbar sakandare zai ɗauka. Amma ki lura da kyau: wannan ɗanɗano ne na kowa da kowa. Wadda ke son ta karanci fannin a jami'a, ajin kimiyya za ta shiga, domin galibin jami'o'i suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks. Yarinyar da ta bar fiziks tun aji ɗaya, ƙofar nan za ta yi mata wuyar buɗuwa bayan shekara uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To ke da kike cikin gida, mene ne naki? Ki nemi maigida ko yayanta ya je makarantar ya gani da idonsa: akwai malamin darasin? Akwai ɗakin kwamfuta? Akwai wuta ko sola? Yara suna taɓa na'urar, ko a allo kawai ake zana musu ita? Sannan ki sa ido kan lissafinta, ki riƙa tambayar makin da ta ci ko da ke ba ki yi boko ba. Ki rage mata aike da wanke-wanke da yamma, ta samu ko awa ɗaya ta zauna da littafinta. Idan babu kwamfuta a gida kada ki karaya, ana tsara umarnin a takarda da fensir kafin a kai ga na'ura, ana kuma iya gwada wasu a babbar waya, ke kuma kina lura da abin da take buɗewa.

Wani abin da zai faranta miki, sana'a ce da mace za ta iya yi daga ɗakinta, in dai akwai na'ura da wuta da intanet, aure ko goyo bai hana ta.

A nan za mu dakata. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.