Nigerian da Nigerien: harafi guda ya raba ƙasa biyu

A cikin harshen Ingilishi akwai kalmomi biyu waɗanda ido ba ya saurin rarrabe su: Nigerian da Nigerien. Kowacce harafi takwas gare ta, bakwai daga ciki iri ɗaya ne. Harafi na bakwai kaɗai ya bambanta. Mai "a" tana nufin ɗan Nijeriya ko abin Nijeriya. Mai "e" kuwa ɗan Nijar ke nan, ko abin da ya shafi Jamhuriyar Nijar.

Bahaushe ba shi da wannan wahala, ya ce ɗan Nijar, ya ce ɗan Nijeriya, magana ta ƙare. Rikicin na Turawa ne, asalinsa kuma kogi ne. Babban kogin nan da Hausawa ke kira Kwara, mai tsawon kilomita wajen 4.200, wanda ya taso daga duwatsun Gine ya ratsa Yamai da Gaya ya shiga Nijeriya, shi ne Turawa suka sani da sunan Niger. A shekara ta 1897 wata ƴar jarida Ba'ingilishiya, Flora Shaw, wadda daga baya ta auri Lugga, ta ba da shawara cikin jaridar Times ta Landan a kira ƙasashen da Ingila ta mallaka a bakin kogin Nigeria. Faransa kuma ta ɗauki sunan kogin yadda yake ta laƙaba wa nata yankin, wanda ya zama Koloni ta Nijar a 1922, da babban birni a Damagaram kafin a mai da shi Yamai a 1926. Da ƙasashen biyu suka sami ƴancin kai a 1960, Nijar ran 3 ga Agusta, Nijeriya ran 1 ga Oktoba, kalmar Nigerian ta riga ta sami mai ita. Sai Ingilishi ya ari kalmar Faransanci, ya cire mata ɗigon saman harafi, ya bar ta Nigerien. Har furucin aro ne: ta Nijeriya ana cewa "Naijiriyan", ta Nijar "Nijeriyen".

Wani zai ce ai wannan gardamar malaman lakkol ce. Ba haka ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, shugaban ƙungiyar a sa'an nan shugaban Nijeriya ne, Bola Tinubu. Jaridun Ingilishi suka yi makonni suna jera kalmomin biyu cikin jimla guda: sojojin Nigerien, shugaban Nigerian. Wanda ya karanta da gaggawa, ko mai fassarar da idonsa ya zame, sai ya mai da wanda aka sa wa takunkumi ya zama mai sa shi.

Haɗarin ya fi kusa da mai cika takarda. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke odar kaya daga Dubai ko Sin, da ɗalibin Tawa mai neman gurbin karatu a Gana ko Indiya, duk za su tarar da layin da ake rubuta ƙasar mutum. In aka rubuta Nigerian alhali fasfo na Nijar ne, takarda da fasfo sun saɓa, ma'aikacin da ke dubawa kuma yana da hujjar mayar da ita. Kwamfuta ma ba ta taimako kullum, don wasu manhajojin gyaran rubutu kan ja layi ƙarƙashin Nigerien su ba da Nigerian a madadinta, sakataren da ya amince da na'ura sai ya canza wa mutum ƙasa da yatsa guda.

Gajerun alamomi su ma tarko ne. A fasfo alamar Nijar NER ce, ta Nijeriya NGA. Amma a wasannin Olamfik da na ƙwallon ƙafa NIG ta Nijar ce, ko da yake mutane da yawa kan ɗauka Nijeriya ake nufi. A intanet adireshin Nijar yana ƙarewa da .ne, na Nijeriya da .ng. Kuma kada a manta, cikin Nijeriya akwai jihar da aka kafa a 1976, babban birninta Minna, wadda Hausawa ke kira Neja. A Ingilishi rubutun sunanta da na ƙasar Nijar ɗaya ne, Niger.

Abin da ya sa maganar ta zama ta ma'aikata musamman shi ne Kundin Sake Gina Ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025. Ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan wasiƙun hukuma da yarjejeniyoyi cikin Ingilishi za su ƙaru a ofisoshi. Inda ake shakka, akwai hanyar da ba ta ɓata: a rubuta cikakken suna, Republic of Niger, a bar sifar gaba ɗaya. Inda kuwa dole a yi amfani da ita, a duba harafi na bakwai kafin a sa hannu a buga hatimi.