Gishiri Da Lafiyar Numfashi A Lokacin Hunturu: Inda Yake Amfani Da Inda Ba Ya Yi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammad, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, duk wanda yake halartar sallar Asuba a masallatanmu na Lamashegu ya san hunturu ya kankama. Liman yana karatu, tari yana tashi daga sahu zuwa sahu. Iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tana ɗauko ƙura tun daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta sauke mana ita a Tamale daga wajen Disamba har zuwa Fabrairu ko Maris. A kan wannan ga hayaƙin ƙone daji, ga na itace da gawayi a madafai, ga ƙurar hanya da masu babur da 'yan yalo-yalo suke shaƙa tun safe har dare. Hanci ya bushe, maƙogwaro ya yi kaushi, masu asma kuma su shiga wahala.

A cikin wannan hali ne wani dattijo ya tsayar da mu bayan karatun Magariba. Ya ce an turo masa saƙo a waya cewa gishiri yana warkar da asma da tarin fuka, kuma wai maganin Annabi ne. Ɗansa yana da asma, kuɗin abin shaƙa yana yi masa nauyi, shin ya halatta ya ajiye shi ya koma ga gishiri? Tambayar tana da ɓangaren likitanci da ɓangaren addini. Mu ba likitoci ba ne, don haka muka koma ga abin da masana lafiya suka rubuta, sannan muka duba littattafan malamanmu. Ga abin da muka samu.

Daga Ina Maganar Ta Samo Asali?

A ƙasar Polan, kusa da birnin Krakow, akwai wata tsohuwar mahaƙar gishiri a garin Wieliczka. A shekarar 1843 likitan mahaƙar, Feliks Boczkowski, ya rubuta cewa ya lura masu haƙar gishiri ba sa fama da ciwon ƙirji kamar masu haƙar sauran ma'adinai. Daga baya aka riƙa kai marasa lafiya cikin irin waɗannan ramuka a gabashin Turai, kamar na Solotvyno a Yukren, su shafe sa'o'i suna shaƙar iskar wurin. A zamaninmu 'yan kasuwa sun gina abin da suke kira ɗakin gishiri a manyan birane: a lulluɓe bango da gishiri, na'ura tana niƙa shi tana fesa ƙurarsa a iska, mutum ya biya kuɗi ya zauna. Ana kuma sayar da fitilar dutsen gishiri mai ruwan hoda, wanda ake haƙowa a Khewra ta Pakistan.

To amma lura da abu daban, tabbatar da shi daban. A shekarar 2001 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta duba gwaje-gwajen da aka yi na kai masu asma cikin kogo. Uku kawai ta samu, da yara 124 gaba ɗaya, kuma ɗaya ne daga ciki aka tsara shi da kyau. Ta ce wannan bai isa hujja ba. A 2014 wasu masana a Ostireliya sun tace rubuce-rubuce 151 kan ɗakin gishiri da cutar toshewar huhu mai daɗewa, suka sami gwaji ɗaya tak mai tsari, suka ce ba za a iya ba da shawarar yin sa a matsayin magani ba. Fitilar gishiri kuwa ado ce kawai.

Ɗalibanmu sun san wannan ƙa'ida daga ilimin hadisi. Yawan masu faɗin magana ba ya inganta ta, sai an duba isnadi.

Inda Gishiri Yake Amfani

Wannan ba ya nufin gishiri ba shi da aiki. Allah ya shimfiɗa wata siririyar majina a cikin hanci da hanyoyin iska, ƙarƙashinta kuma akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa ba dare ba rana suna tura ƙura da ƙwayoyin cuta waje. Idan iska ta bushe, majinar ta yi kauri, sai wannan shara ta yi rauni. Ruwan gishiri yana jiƙa wurin, ya tsinka majinar, ya wanke ƙurar da ta maƙale. A wani ƙaramin gwaji da aka yi a Edinbura ta Birtaniya, aka wallafa a 2019, manyan da suka riƙa wanke hanci da kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri sun rabu da mura kusan kwana 2 kafin waɗanda ba su yi ba.

Ga yadda ake haɗawa. A sami rabin lita na ruwa, wato kimanin ledar ruwan sha guda, a tafasa shi na aƙalla minti 1, a bar shi ya huce. A zuba gishiri mai tsabta ƙaramin cokalin shayi guda, a shafe, kada a yi masa tozo. Wannan ya yi kusa da ma'aunin ruwan gishirin asibiti, wato giram 9 a lita guda. A wanke hannu, a zuba kaɗan a tafi, a shaƙa a hankali ta ƙofar hanci ɗaya, a fyace, sannan a koma ɗayar. Sau 2 ko 3 a yini ya wadatar. Na kurkure maƙogwaro kuwa rabin cokalin shayi ne a kofin ruwan ɗumi, a kurkure a tofar, kada a haɗiye. A haɗa sabo kullum. Ƙananan yara ba a ba su kurkure, jarirai kuma a saya musu ɗigon ruwan gishiri na hanci a kantin magani.

Maganar tafasa ruwa ba ƙaramar magana ba ce, musamman a garinmu inda famfo yakan ɗauke a rani mutane su koma ga tanka da dam. Akwai wata ƙwayar halitta mai suna Naegleria fowleri da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi marar magani. Shan ta ba ya kawo ciwon, amma idan ta shiga can cikin hanci tana iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa. Ciwon ba shi da yawa, sai dai da wuya wanda ya kamu ya tashi. A 2011 mutum 2 sun mutu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan wanke hanci da ruwan famfo, kuma an sha samun irinsa a Karachi ta Pakistan. Darasin da ke nan ya shafi kwamitocin masallatai ma: a riƙa wanke tankunan alwala da butoci, a rufe su, a nemi ruwa mai tsabta gwargwadon iko.

A asibiti kuma likitoci suna amfani da ruwan gishiri mai ƙarfi ta wata na'ura da ke mayar da shi feshi a shaƙa. Wani bincike da aka wallafa a 2006 kan mutum 164 a Ostireliya ya nuna amfaninsa ga masu wata cutar gado da ke sa majina ta daskare a huhu, wadda ta fi yawa a tsakanin Turawa. Ana kuma yin sa don fito da kaki daga ƙirjin wanda ake son yi wa gwajin tarin fuka. A kula da kyau: fito da kakin yake yi don a gwada, ba ya kashe ƙwayar cutar.

Inda Ba Ya Amfani, Ko Yake Cutarwa

Na farko, zuba gishiri a ruwan surace. Mutanen Daboya da ke bakin Farin Bolta, waɗanda gishirinsu ya daɗe yana zuwa kasuwannin ƙasar nan, su ne za su ba mu amsa. Ana tace ƙasa mai gishiri da ruwa, a dafa ruwan har ya ƙafe, ruwan ya tafi a tururi, gishirin ya zauna a tukunya. Da gishiri yana bin tururi, da ba a taɓa samun gishirin Daboya ba. Saboda haka mai surace tururin ruwa kawai yake shaƙa. Ga kuma haɗarin ƙuna, wanda yara suka fi faɗawa ciki idan tukunya ta kife a cinyarsu.

Na biyu, shan ruwan gishiri. Abin da aka haɗiye ciki yake tafiya, ba ya bi ta huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin miya da dunƙulen ɗanɗano. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda da ya ɗauki shan ruwan gishiri al'ada yana jawo wa kansa shanyewar ɓarin jiki.

Na uku, kuma shi ne amsar dattijonmu: asma. Ciwo ne na kumburi da tsukewar hanyoyin iska a cikin ƙirji. Feshin gishiri mai ƙarfi yana iya ƙara tsuke su, har ma likitoci suna amfani da shi da gangan wajen gwada ko mutum yana da asma. Shi ya sa a asibiti ake fara ba da maganin buɗe ƙirji kafin a shaƙa shi. Yaro mai asma zai iya wanke hancinsa da ruwan gishiri, hakan zai rage masa ƙura, amma abin shaƙarsa ya kasance a aljihunsa ko jakar makarantarsa kullum. Wanda kuɗin ya yi masa nauyi ya gaya wa likita, ya sabunta katin inshorar lafiya, jama'ar masallaci kuma su taimaka, domin wannan yana cikin mafi alherin wuraren sadaka.

Na huɗu, tarin fuka. Duk tarin da ya kai mako 2, musamman da rama, gumin dare ko jini a kaki, a je gwaji. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati a Ghana, kuma ana shan maganin na wata 6 ba yankewa. Wanda ya zauna gida yana kurkure gishiri yana kuma shiga sahu, ya cuci kansa ya cuci 'yan'uwansa.

Shin Maganin Annabi Ne?

A nan ne nauyi ya fi hawa kanmu. Maganar da ake yaɗawa cewa gishiri waraka ne daga cututtuka 70 ba ta tabbata daga Manzon Allah (SAW) ba. Imam Ibnul Jauzi ya sanya ta a littafinsa na ƙagaggun hadisai, Al-Maudu'at, Ibnul Ƙayyim ma ya lissafa ta cikin misalan ƙarya a Al-Manarul Munif. Ruwayar da Ibnul Ƙayyim ya kawo a Zadul Ma'ad ta amfani da ruwa da gishiri kuwa, a kan harbin kunama take, babu ruwanta da ciwon ƙirji. Narkon wuta ga mai yi wa Annabi ƙarya da gangan sananne ne, kuma mai tura saƙo ba tare da bincike ba ya ji tsoron kada ya yi tarayya da maƙaryacin.

Abin da ya tabbata shi ne umarni da neman magani, da kuma shaƙa ruwa da fyacewa a alwala. Musulmi yana wanke hancinsa sau da yawa a yini tun kafin likita ya gaya masa. Sai dai alwala ibada ce da ruwa tsarkakakke kamar yadda aka koyar da mu, wanke hanci da gishiri kuma magani ne. Kada a cakuɗa su, kada a ce zuba gishiri a buta sunna ce.

Mai Azumi Fa?

A hadisin Laƙiɗ bin Sabira, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, an kwaɗaitar da kai matuƙa wajen shaƙa ruwa, aka togace mai azumi. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa ruwan da ya isa maƙogwaro ta hanci yana wajabta ramuwa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce ɗigon hanci da kurkure ba sa karya azumi matuƙar an guji haɗiye abin da ya gangara. Mafita mai sauƙi ita ce a yi wankin hanci bayan shan ruwa ko kafin sahur. Game da abin shaƙa na asma, Sheikh Ibn Baz da Sheikh Ibn Usaimin sun yi fatawa cewa ba ya karya azumi, wasu malamai kuma sun ce a rama. Amma babu malamin da ya ce mutum ya bar numfashinsa ya sarƙe. Idan ciwon ya taso, a shaƙa nan take.

Kammalawa

A garzaya asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Tamale, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: mutum ya kasa ƙarasa magana saboda haki, yaro yana numfashi da sauri ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, jariri ya ƙi kama nono, ko zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya, domin rani lokacin sanƙarau ne a arewacin ƙasar nan. A sa takunkumi idan hazo ya yi yawa, a yawaita shan ruwa, a yayyafa ruwa kafin shara, a riƙa kakkaɓe dardumomin masallaci a waje, a kuma rage turaren wuta saboda masu asma da ke cikin sahu.

Gishiri ni'ima ce, yana wanke hanci, yana sanyaya maƙogwaro, kuma kuɗinsa kaɗan ne. A yi amfani da shi a nan, ciwon huhu kuma a kai shi ga masanansa. Mun gaya wa dattijonmu kada ya karɓe abin shaƙar ɗansa, haka muke gaya wa duk mahaifin da irin wannan saƙo ya iso wayarsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya tsare mu daga faɗin abin da ba mu da ilimi a kansa. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.