Idan Kan Inji Ya Tsage a Kanambakashe

A Kanambakashe, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maradi, ranar da injin niƙa ya yi shiru mata ne ke fara sani, domin sai su koma ga turmi da taɓarya. Sau da yawa ciwon yana ga kan injin, wanda makanikai ke kira kilas, watau murfin nan mai nauyi da ke rufe wurin da gazuwal ke ƙonewa.

Kilas ɗin irin waɗannan injuna na ƙarfen zubi ne, mai ɗauke da sinadarin kabon kashi 2 zuwa 4 cikin 100. Yana jure wuta, amma ba ya lanƙwasa kamar ƙarfen da maƙeri ke bugawa: in an matsa masa, sai ya tsage. Abin da ya fi kashe shi ganganci ne. Ruwa ya ƙare, inji ya yi zafi, yaron inji ya kwarara masa ruwan sanyi, nan take tsaga ta fito, galibi tsakanin mazaunin bawul biyu.

Sabon kilas yana da tsada, kuma sai an nemo shi Maradi ko Kano. Saboda haka ake kai tsohon wurin mai walda. A nan ne gwani ke bambanta da mai gaggawa.

Gwani yakan wanke kilas, ya shafa kananzir, ya goge, ya barbaɗa alli. Inda allin ya jiƙe, nan tsagar take. Sai ya huda ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, ya fafe bakinta. Sa'an nan ya ɗora kilas ɗin gaba ɗaya bisa garwashin gawayi har ya ɗauki zafi ko'ina, ya cike tsagar kaɗan kaɗan da sandar walda ta nikel ko da tagulla, yana daddaka ɗinkin da ƙaramar guduma. In ya gama, sai ya binne shi cikin toka ko busasshen rairayi, ya kwana yana hucewa a hankali. Wanda ya bar shi a iska, wata tsagar za ta fito kusa da ɗinkin kafin mai niƙa ya biya kuɗin aiki. Masu gyaran injunan motocin tsere a Amurka ma haka suke yi, sai dai su tanderu gare su maimakon gawayi.

Wuta takan karkata fuskar kilas, don haka wajibi ne a kai shi ga injin gyaran fuska a daidaita ta, a sa sabon gasket, a ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe. Mai niƙan da ya tsallake wannan don rage kuɗin mota, ruwa zai sake haɗuwa da mai cikin injinsa.